Kitsen Agwagwa da Kofin Gunduma

Duk yaron da ya sa kayan wasannin makarantar Jasenik yadda doka ta tsara, sanyi ba ya kama shi. Wannan ba ra'ayin wani ba ne. Yana nan rubuce a sakin layi na huɗu na takardar da hedimasta Svetozar ya buga wa hatimi ya manna a ƙofar makaranta tun watan Satumba. Abin da ke kawo mura, in ji takardar, ragwanci ne da yawan tufafi. Jikin yaro tanderu ne, kuma duk wanda ya lulluɓe tanderu wutar yake kashewa.

A Ingila hedimastan ya samo wannan ilimi, a wata ziyarar malamai ta kwana biyar. Biyu daga ciki sun tafi a hanya. A cikin ukun da suka rage aka kai su wata tsohuwar makarantar kwana, ya leƙa ta taga ya ga yara suna gudu cikin ruwan sama, gwiwoyi a waje, kuma ba wanda ya mutu a gabansa. Ya dawo gida da laima, da hotuna, da doka: farar riga mai gajeren hannu da tambarin makaranta a ƙirji, shuɗin gajeren wando, farar safa. Ba kome a sama, ba kome a ƙasa.

Wannan "ba kome a ƙasa" ɗin shi ne tushen yaƙin. A Jasenik iyaye kan haihu ne su tafi aiki, wasu injin katako, wasu Jamus, su bar yaran a hannun kakanni mata. Kakannin kuwa sun yarda da abu ɗaya fiye da yadda suka yarda da likita: singiletin ulu, saƙar hannu, a cusa shi cikin wando har ya rufe ƙoda. A Satumba da Oktoba sun yi shiru, don rana tana nan. Jira suke yi.

Wanda ke tsakiya shi ne Budimir, malamin wasanni, mai shekara sittin da uku, wanda zai yi ritaya a watan Yuni. Shekara talatin da ɗaya yana kai yara gasar gudun fanfalaki ta gunduma, kuma shekara talatin da ɗaya yana dawo da su cikin bas ba kofi. Sau bakwai yana zuwa na biyu, dukkansu a bayan mutum ɗaya, Gvozden na makarantar Dolac, abokin karatunsa a jami'a, wanda ke da ɗabi'ar dafa masa kafaɗa bayan kowace gasa ya ce baɗi ma shekara ce. Ƙa'idar gasar ba ta da wuyar ganewa. Kowace makaranta yara shida, mata uku maza uku, kilomita biyu, kuma kofin na makarantar da 'ya'yanta shida suka riga gama shigowa. Wato ba gwaninka ke ci maka ba, na ƙarshenka ne.

Bana Budimir yana da biyar da bai taɓa samun irinsu ba. Gabansu akwai Isidora, 'yar shekara goma sha uku, wadda in tana gudu ba ka jin takunta. Na shidan kuwa Vukan ne, yaro mai kumatu da kyakkyawar zuciya, wanda aka sa a jerin saboda mai wurin ya karya ƙafa. Kuma bana a gida za a yi gasar, a filin Jasenik. Budimir ya daina iya cin abinci a zaune. Yakan tsaya a kicin da cokali a hannu yana lissafin daƙiƙoƙi a jikin bango.

Da a tsakiyar Oktoba za a yi. Hedimasta ya nemi a ɗaga saboda rigunan masu gudun ba su iso ba. Da suka iso, ya sake neman a ɗaga saboda ranar ba ta dace da masu ɗaukar labarin talabijin ba. Aka tsayar da Asabar ta ƙarshen Nuwamba. Ranar Alhamis da rana dusar ƙanƙara ta fara zuba, ba gaggawa, kamar wadda ta san an yi mata tanadin wuri.

Ranar Juma'a da safe Budimir ya tarar da Kaka Rosanda tsaye a ƙofar ɗakin ajiye ƙwallaye, jaka a hannu, ɗankwali ɗaure a ƙarƙashin haɓa. Ita ce kakar Isidora, kuma duk abin da ta faɗa a layin sayen burodi, kafin azahar ya zama ra'ayin sauran kakanni biyar. Ta gaishe shi, ta tambayi gwiwarsa, sannan ta gaya masa cewa jikarta ba za ta fita gobe tsirara ba, sauran biyar ɗin ma haka. Budimir ya ce ai ba tsirara ba ne, da riga da wando. Ta ce ta ga rigar, ta ɗaga ta a taga ta karanta jarida ta cikinta.

Ya kai ta ofishin hedimasta. Ofishin yana da na'urar ɗumama ɗaki biyu, ta gwamnati da wadda Svetozar ya kawo daga gida. Ya saurare ta yana murmushi, yatsu a haɗe, sannan ya yi mata bayanin tanderu. Ya ƙara da cewa gobe shi da kansa zai duba kowane yaro kafin a tashi, kuma duk wanda aka samu da zare ɗaya da ba na makaranta ba, za a soke sunansa nan take.

Kaka Rosanda ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Sveto," ta ce, "ni na ga uwarka tana sa maka safa biyu har ka shiga jami'a. Yanzu ma in ka ɗaga ƙafar wandon nan akwai wani wandon a ciki."

"Malama Rosanda, nan ofis ne."

"Na ji ɗuminsa."

Hedimasta bai ɗaga ƙafar wandon ba. Abin da ya yi shi ne ya juya ga Budimir, ya ce tunda har akwai masu shakka, ya kamata malamin wasanni ya zama abin koyi. Gobe Budimir ma zai sa kayan, akwai guda ɗaya babba da aka ɗinka bisa kuskure. Budimir ya buɗe baki, ya tuna da watan Yuni da takardun ritaya da ke jiran sa hannun wannan mutumin, ya rufe.

Da aka tashi makaranta bai je gida ba. Ya hau tudu zuwa gidan Kaka Rosanda, yana tsara magana a hanya, maganar da ta ƙunshi shekara talatin da ɗaya da kuma hannun Gvozden a kafaɗarsa. Ya same ta a kicin. Ta yanka agwagi huɗu kamar yadda take yi duk ƙarshen Nuwamba, tana narka kitsensu a babbar tukunya, gidan duk ya cika da ƙamshi. Ya yi maganarsa a tsaye, hula a hannu. Ya ce ba don hedimasta ba, ba don makaranta ba, don shi. Ya ce wannan ce damarsa ta ƙarshe, kuma bai taɓa riƙe kofin nan ba ko da na minti ɗaya, sai dai ya hango shi a cinyar Gvozden ta tagar bas.

Tsohuwar ba ta daina juya tukunya ba. Can ta fara ba shi labarin mahaifinta, wanda ya yi shekara arba'in yana saran itace a dajin bayan gari a tsakiyar hunturu. Kullum da safe uwarta takan shafe shi da kitsen agwagwa da dakakkiyar tafarnuwa, ƙirji, baya, ƙoda, cinya, har tafin ƙafa, kuma bai taɓa yin tari ba. Ya rasu yana da shekara casa'in da ɗaya, daga bishiyar tuffa ya faɗo. Ta ɗaga ludayi ta dubi kitsen yana zuba kamar zuma. Ta ce Sveto zare yake nema, to ya nema.

Budimir ya gane nufinta: kitse ba zare ba ne. Ya fara dariya, ya kama hannunta mai maiƙo ya sumbace shi. Ta ƙwace hannun, ta ɗauko kwalba ta cika ta miƙa masa, ta ce wannan nasa ne, ya shafa da safe, ya yawaita a baya.

Nan ya ja da baya. Ya ce yara daban, shi daban. Shi yana da digiri a ilimin motsa jiki, kuma gobe kusa da matar da ke ɗaukar labarin talabijin zai tsaya.

"Budo," ta ce, "shekara sittin da uku, uwa ta mutu, mata ta tafi ziyara Novi Sad tun shekara shida ba ta gama ba, kuma wari kake tsoro?"

"Jikina ya saba, Kaka."

"To. Allah ya ba jikin naka haƙuri."

Ta mayar da kwalbar kan kanta, ta ɗauki waya ta fara kiran sauran kakannin biyar.

Asabar ta waye fes, sama shuɗiya, ƙasa fara, sanyi irin wanda ke sa gashin hanci ya daskare. Ƙarfe goma fili ya cika. Bas-bas biyar sun sauke yaran wasu makarantu cikin kayan sanyi masu kauri, da huluna, da safar hannu, kamar masu shirin hawa dutse. Mai gasa nama ya kafa rumfa a bakin fili. Garin gaba ɗaya ya fito, don labari ya bazu cewa yau za a ga ƙarshen ko dai hedimasta ko dai yara shida, kuma mutane suna son su ce suna wurin.

Kafin a fita, Svetozar ya umarci Budimir ya bar kwat ɗinsa da dogon wandonsa a ofis, don kada zuciya ta yaudare shi a gaban kyamara. Ya kulle ofishin da kansa, ya jefa mabuɗin a aljihu. Haka Budimir ya fito gaban mutum ɗari huɗu da farar riga da shuɗin gajeren wando, ƙafafunsa farare sol, sirara, da shuɗayen jijiyoyi.

Gvozden ne ya fara hango shi. Ya taho cikin wata ƙatuwar rigar sanyi ja, yana shan shayi mai tururi.

"Budo, shamuwa duk sun tashi tun Agusta, ashe an manta da ɗaya."

"Ka riƙe kofin da kyau, Gvozden. Ka goge shi ma, ba na son ƙura."

"Wa zai karɓe shi, wancan mai kumatun? Ka ba shi keke mana."

Yaran Jasenik shida suka jeru. Suna sheƙi. Ba sheƙin lafiya ba, sheƙin kaza da aka fito da ita daga tanda. Isidora ta ɗaure fuska tana kallon gaba, kamar wadda ta yi alkawari ba za ta taɓa maganar wannan safiyar ba har ta mutu. Vukan kuwa ya fi kowa, don kakarsa, Stamena, ba ta yarda da awo ba. Kwalba guda ta ƙarar a kansa, har bayan kunnuwa. Rigarsa ta manne a jiki, tambarin makaranta yana iyo.

Hedimasta ya taho da doguwar kwat da hular gashi, matar talabijin a bayansa. Ya ɗaga gefen rigar kowane yaro da yatsa biyu. Ba zare. Ya duba safa. Ba zare. Ya shaƙi iska, ya yamutsa fuska, ya aika a gaya wa mai gasa nama ya matsa da rumfarsa baya. Da ya zo kan Vukan ya dafa masa kafaɗa, hannun ya zame. Ya dubi safar hannunsa ta fata tana ƙyalli. Budimir ya daina numfashi. Kakanni shida a bayan igiya, kowace da bargo a naɗe a hannu, su ma suka daina.

Svetozar ya ɗaga hannun ya nuna wa kyamara. Ya ce a duba, gumi ne, tun ba a fara gudu ba tanderu ya kama.

Daga nan ya yi jawabi. Minti talatin da biyar ya yi, ya taɓo Ingila, ya taɓo tarbiyya, ya taɓo kakanninmu na dā da ba su san suwaita ba. Yara suna tsalle-tsalle a wuri ɗaya. Budimir bai samu wannan gatan ba, don shi ne ke riƙe da tutar makaranta, kuma mai riƙe tuta ba ya tsalle. Bayan jawabi 'yan rawar gargajiya suka yi zagaye uku. A zagaye na biyu ya daina jin yatsun ƙafarsa, ya ga hakan ci gaba ne, tunda dā ciwo suke yi.

Ƙarfe sha ɗaya da kwata jami'in gunduma ya ɗaga bindigar tashi ya harba.

Yara talatin da shida suka zabura lokaci ɗaya, fili ya ɗauki ihu. Budimir ya jefar da tutar, ya haye kan teburin da ke bakin layin ƙarshe, inda ake hango kusan duk hanyar: daga fili a gangara ta gaban ofishin ƙaramar hukuma, a ɓace bayan kasuwa, a ɓullo a hau tudun coci, a sauko fili. Zagaye biyu. Kafin a kai kwanar farko Isidora ta fice daga cikin taron kamar an harbo ta. Fararen riguna huɗu suna cikin goma na gaba. Ba su da nauyin kaya, kuma suna da dalilin son a gama da wuri. Ta shida tana can baya, bayan kowa, tana tafe a mutunce.

A gaban ofishin ƙaramar hukuma akwai karnukan gari, kusan goma, masu alamar roba a kunne, waɗanda hukuma ta yi wa allura ta sake. Ba a taɓa ganin ɗayansu yana gudu ba. Babbansu wani tsohon kare ne mai launin toka da ake kira Kansila, saboda a bakin ofishin yake kwana kuma ba ya tashi wa kowa. Da Isidora ta wuce, Kansila ya ɗaga kai. Da sauran huɗun suka wuce, ya tashi zaune. Da Vukan ya iso, da kwalba guda ta kitse da tafarnuwa a jiki, mai ɗumi, tana tururi a cikin sanyi, Kansila ya miƙe tsaye, ya yi miƙa, ya bi bayansa. Sauran suka bi Kansila.

Suka ɓace bayan kasuwa. Daga can aka jiyo wata ƙara wadda ba ta yi kama da ta yaro ba.

Isidora ta ɓullo a gindin tudu ita kaɗai, sai ayarin tsakiya, sai kuma wani abu fari mai faɗi ya ɓullo da gudun da Budimir bai taɓa koya wa kowa ba, gwiwoyi har ƙirji, baki a buɗe, karnuka tara a jere a baya, wutsiyoyi suna kaɗawa. Vukan ya wuce yaro ɗaya a kan tudun. Ya wuce biyu a tare. Wasu da kansu suke ba shi hanya. Da ya sauko fili a ƙarshen zagaye na farko, na ashirin da bakwai ne, yana kuka yana kiran kakarsa.

Kaka Stamena tana bin igiya da gudu, bargo yana jan ƙasa, tana ce masa ba cizo za su yi ba, lasa ce kawai, ya tsaya su lasa su tafi.

"Kar ka tsaya, Vukan!" Budimir ya kwarara ihu daga kan tebur. "Cizo ne!"

Sau ɗaya ke nan a shekara talatin da ɗaya da ya yi wa ɗalibi ƙarya, kuma ita ce koyarwarsa da ta fi aiki.

Fili ya rikice. Mai gasa nama ya bar nama yana ƙonewa ya hau kujera. Limamin coci, wanda ya fito kallo daga kan tudu, ya tattare rigarsa yana kaɗa hannu kamar mai ba jirgi hanya. Gvozden yana gudu gefen hanya yana ƙirga nasa da yatsu, shayi yana zuba masa a hannu. Matar talabijin ta bar hedimasta a tsakiyar magana ta juya kyamara. Budimir yana tsalle a kan tebur, tebur yana kuka, usur ya manne masa a leɓe, shi bai ma sani ba.

Isidora ta shigo ta ɗaya, tazarar da ta ba ta biyu ta isa a sha ruwa. Ba ta ɗaga hannu ba, ta wuce kai tsaye cikin bargon kakarta. Sai jar riga ta Dolac. Sai fara. Sai ja, ja, fara, wasu launuka, fara, fara, ja. Budimir yana ƙirgawa da ƙarfi, duk fili yana ƙirgawa tare da shi. Jasenik biyar. Dolac huɗu. Sai wani dogon yaro ya faɗo layi yana haki: Dolac biyar.

Kowa ya juya ga tudu. Ta shidan Gvozden, wata siririyar yarinya mai jar hula, tana saukowa a gajiye amma a natse, taku ashirin gaban Vukan. Shi kuwa ya ƙare. Ana gani daga nesa. Ƙafafunsa sun fara jan ƙasa, kansa ya koma baya, kukan ma ya daina. Karnuka shida sun haƙura sun zauna a hanya. Saura uku. Mita ɗari. Tazarar ba ta ragu ba. Gvozden ya juyo ya dubi Budimir, ya fara ɗaga hannun nan nasa na dafa kafaɗa.

A daidai nan Kansila, wanda ya yi kilomita biyu yana bin abinci a karon farko a rayuwarsa, ya yanke shawarar ba zai koma da yunwa ba. Ya miƙa wuya ya ɗora dogon harshensa mai ɗumi a bayan gwiwar Vukan, ya ja har sama.

Yaron ya tashi sama. Waɗanda suke kusa sun rantse ƙafafunsa biyu sun bar ƙasa tare. Da ya sauka, ba gudu yake yi ba, faɗuwa yake yi zuwa gaba, ƙafafu suna ƙoƙarin riskar sauran jikin. Taku goma sha biyar. Goma. Yarinyar ta waiwaya, ta ga abin da ke tahowa da abin da ke bayansa, ta yi abin da duk mai hankali zai yi, ta kauce gefe. Vukan ya wuce ta, ya tsallake layi a kan cikinsa, ya zame kamar sabulu har ƙarƙashin teburin Budimir. Kansila ya iso ya fara cin ladansa.

Abin da ya biyo baya ba a iya tsara shi. Kakanni sun tsinke igiya. Wani ya buga ƙararrawar coci ba izini. Budimir ya samu kansa a ƙasa rungume da mai gasa nama, mutumin da ba su yi magana ba tun wata rigimar iyakar lambu. Gvozden ya kai ƙara wurin jami'in gunduma cewa an yi amfani da dabbobi. Jami'in ya buɗe littafin ƙa'ida, ya duba, ya ce ba a ambaci kare ba, kuma shi an ce masa akwai faten wake da gasasshen rago ƙarfe ɗaya. Gvozden ya matso ya shaƙi kan Vukan, ya dubi Budimir ido cikin ido, ya ce zai rubuta wa ofishin ilimi, kuma in aka samu dalili ɗaya na buɗe bincike, kofin zai dawo gida.

Cikin minti biyu yaran shida sun ɓace a cikin barguna, da huluna, da shayi mai zuma. Ba wanda ya zo da bargo na bakwai. Aka miƙa wa hedimasta kofin, ya ɗaga shi sama, ya sake gajeren jawabi na minti ashirin, malamin wasanni a gefensa a matsayin hujja. Da aka gama hoto, Svetozar ya miƙa masa kofin ya riƙe masa don ya gyara hula. Budimir ya karɓa da hannu biyu. Ya ga yatsunsa sun naɗe a jikin ƙarfen, amma bai ji kome ba, kamar hannun wani ne. Ya tsaya yana murmushi da leɓe mai jini har aka karɓe.

Daga nan manyan baƙi suka shiga motoci suka tafi cin abinci, mabuɗin ofis yana aljihun hedimasta. Mai gadin makaranta ya bi su don ya riƙe ƙofa. Akwai ƙananan tutoci ɗari da ashirin da aka kakkafa a kan hanya, kayan gunduma ne, dole a mayar kafin yamma. Budimir ya bi hanyar shi kaɗai yana tsinta, ya gangara gaban ofishin ƙaramar hukuma, ya bi bayan kasuwa, ya hau tudun coci. Yana tafe yana rera waƙa, haƙora suna buga masa kiɗa. Sai ƙarfe uku aka tuna da shi aka aiko da mabuɗin.

Ranar Litinin hedimasta ya tara makaranta gaba ɗaya, ya sanar da cewa a cikin yara shida da suka yi gudu, ko ɗaya bai yi atishawa ba, kuma daga yau dokar ta shafi har 'yan aji ɗaya. Malamin wasanni bai halarta ba. Ranar Talata da hantsi maƙwabcinsa ya kai shi asibitin gari a mota, yana numfashi kamar ana yaga takarda.

Likitar da ta duba shi, Tijana, tsohuwar ɗalibarsa ce, wadda ya taɓa ba maki mafi ƙanƙanta a tsallake dokin katako na motsa jiki. Ta saurari bayansa, ta daɗe, ta ce huhu biyu ne duk sun kamu, zai kwana goma a nan in ya yi sa'a. Ta jawo takardar hutun rashin lafiya, wadda kwafinta ke zuwa ofishin ilimi, teburin da wasiƙar Gvozden ke zaune tana jiran abokiyar da za ta sa a buɗe bincike. Ta ce akwai layin da ake rubuta yadda ciwon ya samo asali. Ta ce ta kalli talabijin ranar Asabar.

Budimir ya yi tari mai tsawo. Da ya samu iska, ya ce tagar ɗakinsa ce, ya manta da ita a buɗe yana barcin rana.

"Taga, Malam?"

"Taga, 'yata. Tsufa."

Ta dube shi ta saman tabarau. Sannan ta sunkuya ta rubuta taga. Ya naɗe hannun rigarsa da kansa, ya miƙa mata dantsen, ya juya fuska bango don bai taɓa son ganin allura ba.